Ƙirga Goma

Mako sha huɗu na tsara a takarda,
kowane mako da kansa da jelarsa,
na kwafo daga tsohon littafina na aji ɗaya
har da kuskuren malaminmu na shafi na tara.
Na kai wa Dakta Huwaila ina taƙama.

A tsaye ta karanta.
Ta ce, "Tasi'u, wannan jerin abin da za ka faɗa ne.
Ina abin da za su iya?
Ranar da suka fita daga hannunka,
me yarinyar Auyo za ta yi da yatsunta
wanda ba ta iya ba ranar da ta shigo?
Fara daga can ka dawo da baya.
Mai gina rumbu
sai ya san yawan damminsa yake kwaɓa ƙasa."

Mu bakwai ne masu neman digiri na biyu
a gefen Kafin Hausa, inda katangar makaranta
ke maƙwabtaka da gonar riɗi.
Ranar Laraba muke koyar da juna.
Da layi ya zo kaina na juya wa jama'a ƙeya,
na yi wa allo huɗuba minti arba'in.
Barira na ƙirge da biro a bayan hannunta:
sau sha bakwai na ce "Kun gane?"
ban tsaya jin amsa ko sau ɗaya ba.

Dakta ta ce, "In ka yi tambaya, ƙirga goma a zuci.
Shirun nan abincinsu ne. Kada ka cinye musu."

Ɗakin gwajinmu kwalabe ne masu manyan sunaye,
ciki kuwa iska.
Takardar auna tsami ta ƙare tun bara,
an rubuta wa ofis, ofis ya rubuta wa ofis.
Sai ta tasa mu gaba zuwa kasuwa:
zoɓo rabin mudu, kanwa, tsamiya,
da toka daga murhun Iya Lantana mai ƙosai,
wadda ta dube mu ta ce,
"Yanzu kuma bokon miya ya koma?"

Ran Litinin, ɗalibai ɗari da ashirin,
bencin mutum uku ɗauke da biyar.
Na ɗiga tsamiya a kofin zoɓo, jan ya ƙara kaifi.
Na ɗiga kanwa a ɗayan, ya rine, ya yi duhu-duhu.
Na ce, "Me ya faru?"
Na kama bakina.

Ɗaya. Biyu.
Fanka ba wuta.
A biyar gumi ya kai ƙuguna.
A bakwai amsar ta hau harshena tana harbi
kamar akuyar da aka ɗaure kusa da dusa.
Takwas.

Can baya wata ta ɗaga hannu rabi.
Mansura, daga baya na san sunanta.
"Malam, in aka mayar da tsamiya kan mai kanwar,
jan zai dawo?"
Wannan na mako na biyar ne a takardata.
Na ce, "Zo ki gani."
Hannunta na rawa, ta zuba, ta kaɗa,
jan ya dawo a hankali, kamar mai jin kunya.
Aji ya ɗauki guna-guni.
Ta ce, "To sau nawa zai je ya dawo kafin ya gaji?"

Na duba allo, allo bai cece ni ba.
Na ce, "Ban sani ba.
Ku zo da kofuna ran Alhamis."

Dakta na bakin taga tana rubutu.
Har yau ba ta nuna mini ba.

Da dare na haska takardata da fitilar waya,
na soke mako na uku,
na ja na biyar sama da kibiya.
Zoɓo ya kama mini babban yatsa,
ya bar ja a gefen shafin.